Shekarar da Taga Ta Fito Gaba

Na san abin da kuka taso kuna ji game da ni da Baffanku Sabo. An gaya muku mun yi faɗa, ya yi fushi ya kwashe iyalinsa ya bar Kura. Wasu sun ce hassada ce ta kore shi, wasu kuma, har a cikin danginmu, sun ce ni na sa aka raba shi da aikinsa. Ban taɓa zaunar da ku na gyara zancen ba. Lokacin kuna ƙanana, da kuka girma kuma sai na ga kamar tono shi ba zai ƙari kowa da komai ba. Amma na ga yadda kuke gaisawa da 'ya'yansa a wajen biki, kamar mutanen da suka haɗu a tasha, sai na gane shirun nan bai yi mana amfani ba. Shi ya sa zan ba ku labarin shekarar nan yadda ta kasance.

Yaya Sabo yana tsakiyar sakandare mahaifinmu ya rasu, ni kuwa ban daɗe da shiga firamare ba. Babu wanda ya ce masa ya bar karatu. Ya zo gida zaman makoki ne, aka watse, bai koma ba. Littattafansa ya zuba mini a akwatin ƙarfe ya ce in adana kafin in kai ajinsu. Ya yi ƙwadago a gonakin mutane na ɗan lokaci, daga baya ya samu aikin kula da ƙofofin ruwa a ƙarƙashin ƙungiyar manoman shiyyarmu. Ku da kuka taso a birni ba lallai ku san wannan aiki ba. Ruwan da ke zuwa daga dam yana bin babban kanal, ya rarrabu zuwa ƙananan magudanai, kuma a kowace mararraba akwai ƙofar ƙarfe mai sitiyari a ka. Mai kula da ita shi zai duba tsayin ruwa a jikin sandar awo, ya buɗe ko ya rufe, ya cire ciyawar kacalla da ta toshe hanya, ya kuma raba rigimar manoma in wani ya ce an cinye masa lokacinsa na ban ruwa. Yaya Sabo ya yi wannan aiki a kan keke tun kafin gemunsa ya fito har ya yi furfura. Daga Kura zuwa Kadawa, in ka ce Sabo Mai Get, ba sai ka ƙara bayani ba.

Ni kuma na yi karatun da ya ce in yi. Na zama malamin lissafi, na dawo gida ina koyarwa. Daga baya aka tura mu kwas na kwamfuta a Kano, a can na kamu da son rubuta manhaja, wato umarnin da ake tsara wa kwamfuta ta bi. Abokan aikina suka ɗauki takardar shaida suka manta da zancen, ni kuwa na sayi tsohuwar kwamfuta na ajiye a ɗakin zaure, ina koya wa kaina da littafi ɗaya da duk ya yage. Mahaifiyarku Binta takan ce na samu abokin hirar da ba ya musu. Ba ta san yadda yake musu ba ne.

Shekarar da nake ba ku labari ta biyo bayan wata ɓarna. A ranin da ya gabata ruwa ya cika wani reshe na kanal ya karya gefensa da rana tsaka, ya kwanta a kan tumatir ɗin mutane ana gab da fara tsinka. Ba laifin kowa ba ne. Mai kula da wannan sashe yana can ɗaya ƙarshen yana fama da kacalla, kafin labari ya kai masa ya tako kekensa, an riga an yi asara. Bayan haka sai wasu masu aikin tallafi suka zo suka kafa na'urori a manyan mararraba. Abu ne mai sauƙi: bututu a tsaye a gefen kanal, a ciki akwai wata ƙwallo da ke yawo a kan ruwa, in ruwa ya hau ta hau, na'urar ta aika saƙon tes zuwa kwamfutar ofishin ƙungiya. Suka kafa, suka ɗauki hotuna, suka tafi. Manhajar da suka bari duk Turanci ce mai wahala, kuma bayan 'yan watanni ta daina buɗewa gaba ɗaya. Shugaban ƙungiya, Alhaji Ɗanlami, ya aiko a kira ni.

"Malam Mudi, an ce kana jin yaren injin nan. Ka rubuta mana wadda za mu gane, da Hausa. In ruwa ya wuce ƙa'ida ta gaya mana, shi ke nan."

Na rubuta. Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba, ba zan ɓoye muku ba. Manhajar tana karanta saƙonnin, in ta ga ruwa ya haura layin haɗari sai ta buɗe wata jar taga a fuskar kwamfuta, da sunan mararrabar da manyan haruffa. Taga ita ce akwatin da kowace manhaja ke bayyana a ciki, ɗaya a kan ɗaya kamar takardu a kan tebur, wadda kake aiki da ita ce a sama. A gida na gwada ta sau ba adadi, kullum tana fitowa. Na kai ofis na saka, Alhaji ya yi murna, ya sa aka saya mini lemo.

Ba a yi nisa ba abin ya ba ni kunya. Wata ranar Talata ruwa ya hau a wata mararraba ta wajen Bunkure. Saƙo ya zo, manhaja ta karanta, ta buɗe jar tagarta. Amma magatakardan ofis, Malam Tasi'u, yana buga wasiƙa a lokacin, sai tagar tawa ta buɗe a bayan wasiƙar. Abin da kawai ya bayyana shi ne wata 'yar alama a can ƙasan fuskar kwamfuta tana ƙiftawa, ba ta kai girman ƙwayar gyaɗa ba. Tasi'u bai gani ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya gama wasiƙa, ya tafi sallah, ya ci abinci. Ruwa ya malala ya cinye wa wani dattijo irin albasar da ya yafa. Da na zo na duba, sai na tarar da tagar nan a bayan komai, ja wur, tana ɗauke da gargaɗin da ba wanda ya karanta.

Na sha wahala kafin na gano dalili. A gida tana fitowa ne saboda ni nake taɓa ta da hannuna kafin gwaji. Waɗanda suka ƙera tsarin kwamfutar da gangan suka hana kowace manhaja tsallakowa gaban mutum yana cikin aiki. Dalilinsu mai kyau ne: da an bar kowa ya yi haka, da ba wanda zai iya buga layi ɗaya cikin natsuwa. Dokar ita ce, manhajar da mutum ya taɓa a ƙarshe ita ke da ikon zama a gaba. Saura in suna da magana, sai dai su yi ƙiftawa daga ƙasa su jira a kula su. Na yi wa Alhaji Ɗanlami wannan bayani a tsanake. Ya saurare ni har na gama, sannan ya gyara hularsa.

"Ni ban san wannan ba, Malam. Abin da na sani, mai gadin da zai ga wuta ya tsaya a bayan ƙofa yana ƙifta ido ba shi da amfani a gare ni. Ko ta faɗo wa Tasi'u a fuska, ko mu tattara injinan nan mu kai sito. Ka yi ƙoƙari kafin a saki ruwan rani."

Sai ya ƙara wata magana da ban ba ta muhimmanci ba a lokacin. Ya ce in abin ya yi aiki, ƙungiya za ta huta da ɗaukar nauyin mutane da yawa a bakin kanal, matasa kaɗan masu babur sun isa, a buga musu waya su je inda aka ce. Na ji maganar, amma hankalina yana kan taga. Da na koma gida ina ba mahaifiyarku labari, tana tankaɗe, ita ce ta tsayar da rariya ta dube ni.

"Malam, ka ji abin da ka faɗa kuwa? Matasa masu babur. Yaya Sabo matashi ne, ko babur gare shi?"

Na ce ai ba za su taɓa shi ba, shi ne babba a cikinsu.

"Shi ne babba, shi ya sa," in ji ta. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Inna, kakarku, tana nan da rai a lokacin, a ɗakinta na tsakiyar gida, tsakanin sashena da na Yaya Sabo. Ba ta san mece ce kwamfuta ba, kuma ba ta nemi sani ba, amma maganar ta isa kunnenta kamar yadda komai ke isa. Ta kira ni bayan la'asar, ta sa na zauna a bakin gadonta.

"An ce akwatin nan naka zai ƙwace wa yayanka aiki."

Na ce ba haka ba ne, Inna, taimaka masa zai yi.

"To. Ni dai na san wanda ya ciyar da gidan nan lokacin da ba kowa. Ka je ka yi tunani."

Na yi tunanin. Kuma hanya a buɗe take a gabana, mai sauƙi ƙwarai. In koma wa Alhaji in ce masa kwamfuta ba ta yarda ba, waɗanda suka ƙera ta sun kulle wannan ƙofa. Rabin maganar ma gaskiya ce. Babu wani a Kura da zai iya ƙaryata ni. A kai na'urori sito, kowa ya ci gaba da rayuwarsa. Na yanke shawarar haka zan yi, amma na ga ya kamata in fara gaya wa Yaya Sabo, don ya san na zaɓe shi. Watakila ma ina son ya gode mini, ban sani ba.

Na same shi da hantsi a wata mararraba kusa da hanyar Garun Mallam, ya naɗe wando zuwa gwiwa yana jawo kacalla da ƙugiya. Na tsaya a kan gaɓa na zayyana masa komai, har da abin da Alhaji ya faɗa game da masu babur. Bai daina aiki ba har na gama. Sannan ya fito, ya wanke ƙafafunsa, ya zauna a kan simintin ƙofar.

"Za ka iya sa ta fito, ko ba za ka iya ba?"

Na ce ban sani ba tukuna, amma ina jin akwai hanya.

"To me ya sa za ka ce babu?"

Na ce saboda kai, Yaya.

Da ya yi magana muryarsa ba ta tashi ba.

"Mudi, ban bar makaranta don wata rana ka tsaya gaban mutane ka ce ba ka iya abin da ka iya ba. Ranar da kanal ɗin nan ya fashe ina nan. Na ga magidanci zaune a cikin laka yana tsintar tumatir ɗin da ya ruɓe, ya kasa ko kuka. Kekena ba ya gudu kamar ruwa. In akwatinka yana yi, ka bar shi ya yi."

Na ce to aikinka fa?

"Wannan nawa ne, ba naka ba. Me kake buƙata a wajena?"

Abin da nake buƙata shi ne wanda zai riƙa ɗaga ƙwallon nan ta cikin bututu da hannu, don na'ura ta ɗauka ruwa ne ya hau, ni kuma ina ofis ina duba abin da kwamfuta za ta yi. Ba a iya wannan gwaji daga gida. Na yi niyyar neman wani daban, ya ce ba wanda zai taɓa masa bututu. Haka muka shiga yi, kullum in na tashi daga makaranta. Ni a ofis, Malam Tasi'u yana buga rubutunsa kamar yadda ya saba don gwajin ya zama na gaske, Yaya Sabo kuma a bakin kanal, waya a kunne, hannu ɗaya a cikin bututu har kafaɗa.

"Na ɗaga. Ta fito?"

"Ƙiftawa kawai take, Yaya. Saki, bari in canza wani abu."

"Na saki. Ka yi a hankali, ba inda za ni."

Ba abin da ban gwada ba. Na sa tagar ta zauna a saman komai dindindin, Tasi'u ya ce ta tsare masa rabin takarda, kafin azahar ya rufe ta gaba ɗaya. Na sa ta naɗe kanta ta koma ƙasa sannan ta sake buɗewa, ko kwamfuta za ta ɗauka sabuwa ce. Ranar farko ta fito, har na yi tsalle, washegari ta ƙi. Na sa ta hau sama na ɗan lokaci ta sauka, sai ta riƙa leƙowa ta nutse da zarar Tasi'u ya taɓa wasiƙarsa. Na haɗa mata ƙara, sai aka tarar lasifikar ofis ta daɗe da mutuwa, kuma in janareta yana ruri ba mai jin komai. Ranar Asabar nakan hau mota zuwa Kano, in zauna a shagon intanet ina karanta abin da wasu masu irin matsalata suka rubuta daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Na yi mamakin yawansu. Kowa da dabararsa, kowa kuma akwai wanda ya zo a ƙasa ya rubuta cewa shi a wajensa ba ta yi ba.

Duk wannan lokaci Yaya Sabo bai taɓa cewa ya gaji ba. Hannun rigarsa na dama kullum a jiƙe yake dawowa. Matarsa, Yaya Talatu, ta daina amsa gaisuwata da sakin fuska, kuma na fahimce ta. Wata rana na ji ta ta katanga tana ce masa shi da kansa yake haƙa ramin da za a tura shi. Ya ce mata ta zuba masa ruwan wanka.

Dabarar da ta yi aiki a ƙarshe ƙarama ce har ta ba ni haushi. Tunda kwamfuta tana ba da gaba ga manhajar da aka taɓa a ƙarshe, sai na sa tawa ta yi kamar an taɓa ta. Kafin ta nemi fitowa, sai ta aika wa kwamfuta alamar cewa an danna wani maɓalli, wanda ake kira Alt, alhali ba wanda ya danna. A wannan ɗan taƙin kwamfuta takan sassauta dokarta, sai tagar ta wuce. Layi kaɗan ne na rubutu. Na saka su wata ranar Alhamis bayan azahar, na buga wa Yaya waya.

"Na ɗaga," in ji shi.

Tasi'u yana tsakiyar jimla jar tagar ta faɗo a kan wasiƙarsa, ta rufe komai. Ya janye hannuwansa kamar ya taɓa wuta. Na ce a sake. Ta sake fitowa. Muka buɗe wasu manhajoji, muka tara tagogi, muka kashe kwamfuta muka kunna, kowane karo tana fitowa.

"Na ji ka yi shiru," in ji Yaya Sabo ta waya.

Na ce ta fito, Yaya.

"Alhamdu lillahi. To bari in cire hannuna, ya yi sanyi."

Akwai sauran gyara. Mun lura in Tasi'u yana sauri, yatsansa kan faɗa kan maɓallin shigarwa daidai lokacin da tagar ta fito, sai ta rufe kafin ya karanta. Na sa ba ta rufuwa sai mutum ya rubuta sunan mararrabar da hannunsa. Da aka saki ruwan rani manhajar tana kan aiki. A wannan shekara sau da dama ruwa ya hau, kowane karo an rufe ƙofa kafin ya taɓa gonar kowa. Ina so ku san wannan, don kada ku ɗauka aikin banza ne ya raba gidanmu. Ya yi amfani. Mutane sun kwashe tumatir da albasa da alkamarsu lafiya, wasu har gida suka zo yi mini godiya da kwandon kaya.

Bayan girbi ƙungiya ta yi abin da Alhaji ya faɗa. Ba su wulaƙanta kowa ba. An yi taro, an yi wa tsofaffin ma'aikata addu'a, an ba su abin sallama. Yaya Sabo kuwa, don girmamawa, aka ce ya zauna a matsayin mai gadin ofis. Na yi murna, na ɗauka an tsira. Ya karɓa, ya riƙa zuwa da safe yana zama a kan benci a bakin ƙofa. Daga inda yake yana hango fuskar kwamfuta. In jar tagar ta fito, sai Tasi'u ya ɗauki waya ya kira wani yaro mai babur, Yaya yana zaune yana ji ana kwatanta wa yaron ƙofar da shi ya san kowane ƙusa a jikinta. Wani lokaci yakan miƙe tsaye ba tare da ya sani ba, sai ya tuna, ya koma ya zauna. Tasi'u ne ya gaya mini wannan daga baya. Manoman da a da suke tare shi a hanya da ƙorafi yanzu sai su ɗaga masa hannu su wuce ciki. Jikinsa ya fara nauyi, ƙafafunsa suka kumbura saboda zama. Bai yi ƙorafi ga kowa ba, amma ya daina ba da labari in an zauna cin abinci.

Kafin damina ta biyu ya shigo zaurena ya ce yana da magana. Wani abokinsa ya samu fili a Taraba, a bakin kogi, ƙasa mai kyau ba mai noma ta da rani. Zai bi shi.

Na ce Yaya, a shekarunka? Ka zauna, abin da nake samu ya ishe mu.

"Na sani. Ba yunwa ce za ta kore ni ba. Ni dai ban iya zama ba ne, Mudi. Na gwada."

Na ce mutane za su ce ni na kore ka.

"Mutane za su faɗi abin da suka ga dama. Kai ka san ba haka ba ne, ni ma na sani."

Ku lura da wannan, don shi ne gaskiyar rabuwarmu: ba a ɗaga murya ba, ba a yi rantsuwa ba. Ni na raka su tasha, ni na ɗora buhunansu a mota. Inna ba ta fito ba. Ta yi masa addu'a a ɗaki, ta juya fuskarta bango. Har ta rasu ba ta sake ambaton kwamfuta a gabana ba, ba ta kuma taɓa ce mini ga abin da na gaya maka ba. Na fi son da ta faɗa. Yaya Talatu kuwa ta tafi da nata fahimtar, kuma da ita ta tarbiyyantar da 'ya'yanta. Ban ga laifinta ba. Ita abin da ta gani shi ne miji ya fita ba aiki, ƙani ya shigo da suna.

Sunan kuwa ya zo. Wasu ƙungiyoyi suka nemi in saka musu irin manhajar, aka riƙa gayyata ta taro a Kano, daga baya na bar koyarwa muka koma Kumbotso, inda yawancinku kuka yi wayo. Muna waya da Yaya Sabo, ba mu yanke ba. Yakan gaya mini yadda shinkafa ta yi, ya tambayi karatunku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Ya zo jana'izar Inna, ya kwana biyu ya koma saboda ya bar ruwa a gona. A ƙarshen kowace waya sai ya ce yaushe za ka zo ka ga wurin nan, ni kuma in ce bayan damina, in sha Allah. Da gaske nake faɗa kowane karo. Sai wani aiki ya taso, ko hanya ta lalace, ko ɗayanku ya yi rashin lafiya. Manhajar tawa ma ba ta yi tsawon rai ba. Wayoyin zamani suka zo, saƙo ya koma zuwa kai tsaye aljihun masu babur, aka daina kunna kwamfutar ofis. Duk abin bai wuce 'yan shekaru ba. Da na sani cewa iyakar ransa ke nan, ban san ko zan saurari Yaya a bakin kanal ba. Har yanzu ina juya wannan a raina, ban samu amsa ba.

Labarin rasuwarsa ya same ni ina wani taro. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Na kama hanya a ranar, amma tafiyar doguwa ce, kafin na isa an riga an kai shi. Wannan ne zuwana na farko. Ƙauyen ƙarami ne, gidajen ciyawa da na kwano a haɗe. Bayan na yi wa Yaya Talatu da yara ta'aziyya, wani maƙwabcinsa, Malam Buba, Bafulatani mai noma da kiwo, ya ce in zo ya nuna mini gonar. Yaya ya haƙa magudana da hannunsa tun daga bakin kogi, ya rarraba ta, ya yi mata ƙofofi na katako da yake zarewa ya mayar. Ba gonarsa kaɗai take shayarwa ba, har ta maƙwabta. Malam Buba ya ce kafin zuwansa ba wanda ya san ana noma a wurin da rani.

"Kai ne Malam Mudi mai kwamfuta," in ji shi. "Mun san ka. Ba ranar da za mu zauna bai kawo zancenka ba. Ya ce akwai wani abu da Turawa suka kulle, kai ka buɗe shi, shi yana riƙe maka ƙwallo."

Muka juyo gida. A gefen sashen Yaya akwai wani ɗaki shi kaɗai, an yi masa daɓen siminti, alhali nasa ɗakin na ƙasa ne. Malam Buba ya tura ƙofar. Gado ne na katako da katifa ba a cire mata leda ba, da tebur ƙarami, da kujera. A jikin bango, daidai saman teburin, an ja waya an kafa soket, ko da yake garin babu lantarki.

"Tun shekararsa ta biyu ya gina shi," in ji Malam Buba. "Ya ce in ka zo za ka buƙaci inda za ka ajiye injinka. Wuta kuma ya ce zai nemo janareta in ka sa rana. Ko baƙi aka yi ba ya bari a sauke su a nan."

A ɗakin aka sauke ni. Ni na cire wa katifar leda.